Bukin Aure a Kurfai: Ina Baƙi Za Su Kwana?

Kaka ta wuce. An ɗaure hatsi, an kai rumbu, an gama roron wake. A ƙasar Kurfai, da an rufe rumbu sai maganar aure ta tashi. Goro ya fara yawo gida-gida, ana sanar da dangi na kusa da na nesa.

Kowa da lissafinsa. Uban ango yana lissafin sadaki da goro. Uwar amarya tana lissafin gado da kwanoni da gara. Amma akwai lissafi guda da ake yawan mantawa. Ba a tuna shi sai ranar da mota ta tsaya bakin gari, mutum talatin suka sauko da jakunkuna da yara, rana kuwa ta kusa faɗuwa. A nan ne mai buki zai dafa kai, ya ce: ina waɗannan za su kwana?

Wanda bai shirya ba, abu biyu ke samun sa. Ko ya ji kunya, baƙi su kwana a ƙasa cikin sanyi. Ko ya buɗe rumbu ya sayar da hatsi da araha, ko ya ci bashi, don ya rufa wa kansa asiri na kwana uku. Kunyar takan wuce. Hatsin da aka sayar kuwa, sai damana ta yi tsakiya za a neme shi, lokacin da tiya ta yi tsada, ga noma ga yunwa.

Da da yanzu

A da, masauki ba abin damuwa ba ne. Baƙo yakan zo da ƙafa, ko bisa jaki, ko doki, ko raƙumi. Ba su da yawa. Kowa kuma ya san inda zai dosa. Malami ya sauka gidan liman. Maƙeri ya sauka gidan maƙera. Makaɗa da maroƙa su nemi 'yan'uwansu. Falke yana da fatomansa kusa da kasuwa. Wanda bai san kowa ba ya tafi zauren mai gari, a ba shi ruwa da fura da tabarma. Ba a tambayar sa ko dala.

Wannan hali bai mutu ba. Abin da ya sake shi ne yawan mutane da saurin zuwansu. Daga Yamai zuwa Filinge kusan kilomita 180 ne, ta Baleyara da Bonkuku. Tafiyar da ake yi kwana da kwanaki, yau mota na yin ta cikin yini guda, har da saura. Salula kuma ta sa labari ya kai ko'ina. Ɗan Kurfai da ke Yamai ya ji, na Abijan ya ji, na Kano ya ji. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta sami mutum sama da 90,000 a Filinge da ƙauyukanta, ban da Shikal da sauran garuruwan Kurfai ta tsakiya. Dangi sun yi yawa, gidaje kuwa ba su ƙara faɗi ba.

Ma'aikata da 'yan makaranta ba su da sukuni sai Asabar da Lahadi. Shi ya sa yawancin bukukuwa suka koma ƙarshen mako. Baƙi su iso Juma'a da marece, a ɗaura aure Asabar ko Lahadi, su juya. To, Lahadi ita ce ranar kasuwar Filinge, ita ce kuma ta Baleyara. Wannan yana da daɗi, yana da wuya. Daɗin shi ne motoci sun yi yawa a hanya, baƙo ba zai rasa abin hawa ba. Wuyar ita ce daren Asabar 'yan kasuwa da dillalan dabbobi sun riga sun cika zaurukan gari. Mai buki cikin Filinge, in bai yi magana da wuri ba, zai tarar wani ya riga shi shimfiɗa.

Akwai kuma abin da ba a sani ba a da. Tun 2012 'yan gudun hijira daga Mali suka sauka Abala. Daga baya rashin kwanciyar hankali ya tada mutanen ƙauyuka da yawa a arewacin jihar Tilaberi, wasu suka gangaro kudu wajen dangi. Ɗakin da maƙwabci ya saba bayarwa ranar buki, wataƙila yau akwai iyali a ciki. Ba a tada mai gudun hijira don ɗan buki. Saboda haka kada mai buki ya ce ai gidan wane akwai wuri, tun da can akwai. Ya tafi da ƙafarsa ya tambaya.

A fara da ƙidaya

Aikin farko ba gini ba ne, ba saye ba ne. Ƙidaya ce. Mako biyu ko uku kafin buki, mai gida ya zauna da matarsa da ƙannensa. A kira sunan kowane gida da aka aika wa goro. Wanda ya shiga makarantar yaƙi da jahilci, ga ranar amfanin karatunsa. Ya ɗauki takarda ya ja layi huɗu: maza, mata, yara, tsofaffi. Wanda bai iya rubutu ba ya sa ɗansa, ko ya ƙirga da tsakuwa. Mutanen ƙauyukan kusa, waɗanda za su koma gida bayan ɗaurin aure, a ware su gefe. Masu kwana kaɗai ake nema.

Masu zuwa daga nesa, a kira su a salula. A tambaye su ba kunya: ku nawa ne, yaushe za ku iso, kwana nawa za ku yi? In an sami adadi, a ƙara kaɗan a kai. Bukin Bahaushe ba ya rasa ɗan rakiya, da ɗan rakiyar ɗan rakiya.

Ga misali. A ce masu kwana 60 ne, kwana uku. Babban mutum yakan ci wajen rabin kilo na hatsi a yini, tsakanin fura da tuwo. Tiya ɗaya, wadda ta kai kilo biyu da rabi, ta ishi mutum biyar ke nan. Mutum 60 suna son tiya 12 kowace rana. Kwana uku, tiya 36. Buhu mai kilo 100 tiya 40 ne. Ashe buhu guda ya kusa ƙarewa, ba a yi maganar shinkafa da mai da nama ba, ba a sa 'yan gari masu zuwa cin tuwon buki ba. In baƙin nan suka ƙara kwana uku, buhu na biyu ya tafi. Mai gida ya dubi rumbunsa da wannan lissafi. In rumbun ba zai ɗauka ba, abin da za a rage shi ne kwanakin buki. Kwana biyu da ƙoshi sun fi mako guda da rance.

Ƙoƙarin rage tsadar aure ba sabo ba ne. A zamanin Shugaba Seyni Kountché, wanda ya yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ɗan Fandu a nan ƙasar Tondikanja, gwamnati ta ƙayyade kuɗin auren budurwa a kan jika 50. Amma doka ba ta iya ƙirga wa mutum baƙinsa. Wannan sai mai gida da kansa.

Wa zai kwana ina

Masauki mafi araha a Kurfai, kuma mafi daɗi, shi ne gidan maƙwabci. Ba ya cin kuɗi. Abin da yake ci shi ne ladabi da sanarwa da wuri. Mai buki ya ɗauki goro ya fara da mai gari ko mai unguwa, sannan ya bi gidajen ɗaya bayan ɗaya. Kada ya aiki yaro. Ya faɗa wa kowane mai gida mutum nawa zai kawo masa, maza ne ko mata, da daren da za su tashi. Ya kuma faɗa masa a sarari cewa abinci daga gidan buki zai zo. Maƙwabci ya ba da ɗaki, kada a ɗora masa tukunya.

Raba mutane shi ne inda hankali yake. Baƙi 60 a gida ɗaya azaba ce. A gida goma kuwa, shida-shida ne, ba wanda zai ji nauyi.

Tsofaffi a fara ba su. A nema musu ɗakin ƙasa mai ƙofa, nesa da kiɗa, kusa da masallaci da makewayi. Tsoho ba ya son ƙetare gari da dare. Mata masu goyo da masu ciki su biyo baya, a cikin gida, inda akwai mace mai kula da su da wurin ɗumama ruwa. 'Yan mata ƙawayen amarya a haɗa su ɗaki ɗaya, a gidan da akwai dattijuwa mai ido. Samari su ne masu sauƙi. Rumfa da tabarma sun ishe su, da ma ba barci ya kawo su ba. Ango da abokansa suna da gidan babban aboki, kamar yadda aka saba.

Sai maganar surukai. Dangin ango da suka zo daga wani gari, ba a sauke su inda za su yi ta karo da iyayen amarya a bakin randa ko a hanyar makewayi. Akwai kunya tsakani. Mutum ba zai iya cin abinci ya ƙoshi a gaban surukinsa ba, balle ya miƙe ƙafa. A ba su gida nasu daban, a sa musu yaro ɗaya mai hankali da zai riƙa kai musu ruwa da abinci, ya nuna musu hanya. Ƙasar nan kuwa mahaɗa ce. Akwai Kurfayawa, akwai Zabarmawan Tondikanja, akwai mutanen Imanan da Tagazar, akwai Fulani, kuma ana aure tsakani. Tsohuwar da ba ta jin Hausa sosai, a sauke ta gidan da ake jin harshenta. Wannan ya fi mata katifa.

Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gaskiya ne. Amma baƙon da ya yi kilomita 180 cikin mota yana son duka biyu. Tabarma ba ta da wuyar samu a ƙasar da ake da kaba. A ara daga maƙwabta, kowace a ɗaura mata alama da zare ko tsumma don kada ta ɓace. Mutanen Yamai kuma a gaya musu tun a salula: kowa ya zo da bargonsa da gidan sauronsa da tocila. Ba rowa ba ce. Ba gidan da ke ajiye bargo 60.

Mata suna da hanyar da za su sauƙaƙa wannan har gaba. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a 1991, sun bazu cikin ƙasa. Ƙungiya za ta iya sayen tabarmi da manyan tukwane da butoci, ta ajiye. Ranar bukin 'yar ƙungiya a ba ta aro, ranar bukin wani a ba shi haya da kuɗi kaɗan, kuɗin ya shiga asusu.

Ruwa ya fi ɗaki wuya

Mutum yana iya kwana a gindin itace. Ba ya iya kwana ba ruwa. Masana kiwon lafiya sun ce mafi ƙaranci kowane mutum yana son lita 15 a yini, don sha da dafuwa da alwala da ɗan wanka. Baƙi 60, lita 900 ke nan. Bido mai lita 25, guda 36 kowace rana.

Garuruwan da ke cikin kwarin Dallol Boso suna da sauƙi, don ruwa ba shi da nisa a ƙasa. Na kan tudu kuwa rijiyarsu tana da zurfi, guga ɗaya sai an sha wuya. A can, in ba a shirya ba, matan gidan buki za su ƙare bukin a bakin rijiya. A yi magana da mai amalanke tun da wuri, a san kuɗinsa. A fara tara ruwa kwana biyu kafin baƙi su iso. Kowane masauki a kai masa randarsa ko bidonsa.

Ruwan sha a ware shi, a rufe, a sa masa moɗa ɗaya mai tsabta. In ana shakkar sa, a tafasa, ko a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardarta, a jira minti 30 kafin a sha. Salga kuma, in gidan ba shi da ita, a haƙa rami nesa da rijiya, a kewaye da zana, na maza daban na mata daban. A ajiye buta da sabuni ko toka a bakin ƙofa. Gudawa da amai sun fi son taron jama'a. Ba wanda ke so a ce daga bukin ɗiyarsa cuta ta shiga gari.

Kowane lokaci da irin masaukinsa

Lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin yawan aure. Iska tana busowa daga gabas da arewa. Rumfar baƙi a kare ta da zana ta wannan gefe. Haɗarin wannan lokaci wuta ce. Komai ya bushe: zana, darni, kara, jinka. A 2021 gobara ta kama azuzuwan zana a makaranta a Yamai cikin watan Afrilu, ta kama wasu a Maraɗi cikin Nuwamba. Yara fiye da 40 suka rasu. Abin da ya ci aji zai ci rumfar buki. Murhu ya yi nesa da rumfa da rumbu. Masu shayi da masu taba a ba su fili. Kada kuma a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Garwashi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, mutum ya yi barci bai farka ba.

Daga ƙarshen ɗari zuwa bazara lokacin sanƙarau ne. Cutar tana bin numfashi, ta fi kama mutanen da suka cunkushe a ɗaki ɗaya marar taga, ga ƙura ga zafi. Mutanen Filinge sun san ta. A nan ne aka fara allurar rigakafin sanƙarau mai suna MenAfriVac a Nijar, cikin watan Satumba na 2010. Allurar ta karya irin sanƙarau da ake kira A. Amma cutar iri-iri ce. A 2015 wani iri, mai suna C, ya ɓarke a ƙasar. Mutum wajen 8,500 suka kamu, fiye da 500 suka rasu. Don haka kada a tara mutum goma sha biyar a ɗakin mutum biyar. In baƙo ya tashi da zazzaɓi mai zafi da ciwon kai, wuyansa ya sanƙare, ko jariri ya ƙi nono maɗigarsa ta kumbura, a kai shi likita nan take. Ba a jira a gama ɗaurin aure.

Da bazara, Afrilu da Mayu, zafi yana wuce awo 40. Ɗakin kwano ya zama tanda. Kowa waje yake kwana, saboda haka masauki ya yi sauƙi. Abin nema shi ne inuwar rana. Gawo yana da ganye da rani, ya zubar da damana, shi ya sa gindinsa ya fi kowane zaure a wannan lokaci. A share wurin sosai, a yayyafa ruwa, a duba kunama kafin a shimfiɗa.

Bukin damana shi ne mafi wuya. Mutane suna gona, rumbu ya yi ƙasa, kowa yana son rufi, ga sauro. In ya zama dole, to sange, wato gidan sauro, ya fi rago muhimmanci. Yara da mata masu ciki su fara samu.

Baƙo mai dabba

Makiyayi ba ya zuwa shi kaɗai. Yana da jaki ko raƙumi, wani lokaci da shanun da ba shi da mai tsare masa. Kurfai ƙasar shanu ce. Gidan kiwo na Tukunus, inda ake renon shanun Azawak, yana arewa da Filinge kaɗan. Irin wannan baƙo ya fi son bakin gari, inda zai ga dabbarsa. Sau da yawa ma ya zo da shimfiɗarsa. A nuna masa inda zai kafa turke, a gaya masa lokacin da ake shayar da dabbobi a rijiya, a tanadar masa ɗan harawa ko kara.

A kula da abu ɗaya. Kowace shekara hukuma ce ke sa ranar sakin gonaki. In buki ya faɗo kafin ranar, akwai sauran wake da dawa a daji. Dabbar baƙo ta shiga gonar wani, an yi ɓarna, buki ya koma shari'a gaban mai gari. Makiyayi ya ɗaure, manomi kuma ya nuna masa burtali.

Ɗakin kuɗi

Wani baƙon birni zai ce shi otal yake so. Filinge ba Yamai ba ce. Ɗakunan kwana na kuɗi kaɗan ne, a ƙauye kuwa babu. Mai son su ya sa a tambaya masa tun da sauran kwanaki: akwai wuri, nawa ne, akwai ruwa da wuta? A kuma san wanda zai biya tun kafin a shiga. Mai buki ba dole ne ya ɗauki wannan ba. Kuɗin ɗaki ɗaya na dare ɗaya zai sayi tabarmi da za su yi shekaru ana shimfiɗawa. In akwai ma'aikaci ɗan gari mai gidan siminti, ko ɗan cin rani da ya gina ya rufe ya tafi, a nemi izininsa a salula. Sau da yawa a nan ake sauke manyan baƙi.

Ajin makaranta kuma ba na mai buki ba ne, na gari ne duka. Ba a buɗe shi sai da yardar shugaban makaranta da iyayen yara. In sun yarda, ba a hura wuta a ciki, ba a fitar da tebur, kuma a share kafin safiyar Litinin.

Hanya da hukuma

Tun 2017 aka kafa dokar ta-ɓaci a wasu sassan jihar Tilaberi, har da Abala. A farkon 2020 an hana yawo da babur a jihar. Irin waɗannan dokoki suna sakewa, yau a tsananta, gobe a sassauta. Kafin a sa ranar buki, a tambayi mai gari ko jandarma abin da ke akwai: ko an hana fitar dare, ko an hana babur, ko taro yana son izini. Baƙi su taso da safe, su iso da rana, kowa da katin shaidarsa. Wanda dare ya riske shi a Baleyara ko Bonkuku ya kwana can wajen sani, ya ƙarasa da safe. Takardar ƙidayar nan kuma a nuna wa mai gari, ya san baƙin da suka kwana garinsa da gidan da kowa ya sauka.

Ranar da baƙi suka tashi, aikin mai buki bai ƙare ba. Samarin gidan su bi masaukai su share, su cike ramin salga, su kwance rumfa. Tabarma da buta da bido kowane ya koma gidan mai shi a ranar, wanda ya fashe a biya. Da marece mai gida ya sake bin gidajen da ƙafarsa, kamar yadda ya bi su da farko. Ya kai goro, matarsa ta aika da ɗan rabon gara. Sannan ya ninke takardar nan mai layi huɗu ya ajiye cikin akwati, da sunan kowane gida da adadin mutanen da ya ɗauka.